Ƙanina ya ce tseren keke zai yi kamar Biniam Girmay, ana cin abinci da wannan kuwa?

Baban_Khalifa:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Autanmu ne, shekararsa 16 yana SS2, tun da ya fara kallon bidiyon wani ɗan Eritiriya mai tseren keke wai shi Biniam Girmay ya hana mu sakat a gida. Yana idar da sallar asuba zai ja keke ya nufi hanyar Bukuru, ranar Asabar har Mararaban Jama'a yake kaiwa ya dawo jiƙe da gumi a wannan sanyin. Yanzu ya tsaya kai da fata wai a sayar da ragon da tsohuwarmu ta ba shi kiwo a saya masa keken tsere na gwanjo. Hujjarsa wai Jos da garin su Girmay duk ɗaya ne, tudu da sanyi, abin da ya yi wancan shi ma zai yi shi. Ni dai ban san komai a harkar nan ba. Shin wannan sana'a ce da mutum zai riƙe gida da ita ko shirme ne kawai? Kuma maganar Jos ɗin gaskiya ce?

Dan_Gangare:
Hhhh Yaya ka saya masa Keke Napep kawai, shi ma keke ne kuma kullum sai ya kawo balas

Abu_Terminus:
Wslm. Malam ka riƙe ragonku. Yaro ya yi karatu. A ƙasar da ko ɗan ƙwallo bai gama samun albashinsa ba shi ne za a zo ana maganar keke.

Kaca_da_Feda:
Wa'alaikumus salam. Baban Khalifa ƙaninka ya san abin da yake kallo, bari in ɗan ba ka tarihin mutumin tukuna kafin 'yan barkwanci su cinye zancen. An haifi Girmay a Asmara a 2000, babansa kafinta ne mai son kallon tseren keke, ba ɗan masu kuɗi ba ne. Yana yaro ya fara tsere a gida, ya yi ta cinyewa har aka lura da shi, a 2018 aka ɗauke shi zuwa cibiyar horarwa ta hukumar keke ta duniya UCI da ke garin Aigle a Suwizalan. A wannan shekarar ya taɓa doke Remco Evenepoel a wani zango (wato tseren rana ɗaya cikin gasa mai kwanaki) na tseren matasa a Beljiyam, kuma duk wanda ya san keke ya san Remco a lokacin babu mai iya ganin ƙurarsa. 2019 ya ci zango a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon yana ɗan 18. 2021 ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23. Sai Maris 2022 ya ci Gent-Wevelgem, tseren yini ɗaya mai kusan kilomita 250 a Beljiyam, kan hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu ga iska ga sanyi, su huɗu suka ɓalle suka iso ƙarshe tare ya fizga tun da sauran nisa babu wanda ya kamo shi. Bayan wata 2 ya ci zango na 10 a Giro na Italiya. Sai 2024 da ya ci zango 3 a Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, ya tafi gida da koriyar riga. To ka ga daga fara fita waje zuwa koriyar riga shekara 6 ne cur, kuma kafin nan ma ya yi shekaru yana tsere a gida.

Dan_Gangare:
Ashe Beljiyam ɗin da ake kawo mana firji da injin mota na hannu har tseren keke suke yi

Kaca_da_Feda:
@Dan_Gangare ai su can keke kusan addini ne, ranar babban tsere ƙauyuka fitowa suke bakin titi kwansu da kwarkwatarsu

Hajiya_Ummi_Abj:
To ni tambayata meye koriyar riga kuma? Na ɗauka wanda ya zo na ɗaya rigar ɗorawa ake ba shi

Kaca_da_Feda:
Hajiya haka ne, rawaya ta wanda ya fi kowa ƙarancin lokaci ce idan aka haɗa duka zango 21, a 2024 Tadej Pogačar ne ya ɗauke ta. Koriya kuma ta maki ce. Kowace rana ana raba maki ga waɗanda suka fara tsallake layin ƙarshe, akwai kuma wani layin a tsakiyar hanya shi ma ana ba da maki, wanda ya fi tarawa shi ke da rigar. Yawanci masu fizgar ƙarshe ne ke cin ta, irin masu cinya ɗin nan da ke kai gudun kilomita 70 a awa a mitocin ƙarshe. Amma wahalar ita ce dole ka gama gasar duka, mako 3, har da ranakun hawan manyan duwatsu da ba naka ba ne, kuma kullum akwai iyakar lokaci, ka makara an sallame ka da makinka da komai. Girmay ma ya faɗi a zango na 16 dab da ƙarshe ya kuje jiki, Jasper Philipsen ya matso shi sosai a maki, haka ya daure ya kai ta har Nice inda aka ƙare a shekarar saboda Paris na shirin Olamfik.

Injiniya_Gwarinpa:
Bari in taɓa maganar Jos da Asmara tunda ita ce hujjar yaron. Ba ɗaya ba ne gsky. Asmara ta haura mita 2,300 daga matakin teku, Jos kuwa wajen mita 1,200 ce, kusan rabi kenan. Amfanin zama a tudu shi ne iska ta fi sirantaka a can, jiki sai ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya ɗebi iskar da yake buƙata, idan mutum ya sauko ƙasa ya yi tsere sai ya fi na ƙasa dogon numfashi. Shi ya sa masu gudun Kenya ke taruwa a Iten, su ma Turawan keke kafin babbar gasa sai sun je sun yi makonni a kan dutse. A tsayin Jos abin bai kai haka ƙarfi ba. Abin da Jos ta fi mu da shi mu 'yan Abuja shi ne sanyi da hawa da gangara, mu nan ƙarfe 10 na safe a watan Maris ka hau keke ka gani.

Nanret_J:
Injiniya amma kar ka raina mu fa. Je ka duba masu gudun dogon zango na ƙasar nan ka ga nawa ne 'yan Filato, yaran Pankshin da kewaye ba wanda ya koya musu komai, gona da makaranta ne a kan dutse. In ƙafa ta iya gudu me zai hana ta taka feda

Injiniya_Gwarinpa:
Ban raina ba 'yar'uwa, lissafi kawai na kawo. Gudu takalmi kawai yake so, wani ma ba takalmin yake farawa. Keke kuwa kuɗi ne daga ranar farko.

Malam_Sabo_Mai_Keke:
To nan ne inda zan sa baki, don ni aikina kenan tun ina yaron shago. Keken tsere ba Raleigh ko Phoenix ɗin da iyayenmu suka je haƙar kuza da shi ba ne, wanda za ka ɗaura masa buhun dankali a kariya ya shekara 20 kaca ɗaya. Wannan tayarsa siririya ce kamar yatsa biyu, rami ɗaya a hanyar Farin Gada ya isa ya fasa tif ya lanƙwasa maka wili. Kuma ba kowane mai faci ke da tif ɗinsa ba, ko bakin famfonsa ma daban ne. Kaca da haƙoran giya cinyewa suke, in ka sa sabuwar kaca a tsohon haƙori sai ta dinga tsalle. Abin da nake gani kullum shi ne yaro ya tara kuɗi ya sayo na gwanjo don ya ga fenti mai kyau, bai duba girman firam ba, bayan wata 2 ya zo yana kukan ciwon baya da gwiwa, ko kuma ya kwaso na kabon mai tsagewa a ɓoye wanda ba a walda shi, ranar da zai karye ba sallama. Baban Khalifa in har za ku saya ku nemi na alminiyon, ku je da yaron a gwada tsayinsa, ku je da wanda ya san kan abin. Kuma kuɗin ragon kar ku zuba shi duka a keke, ku rage na hular kwano da tif biyu da famfo.

Baban_Khalifa:
Allah ya saka da alheri Malam Sabo. Wato ko an saya ma ba a gama kashe kuɗi ba kenan

Malam_Sabo_Mai_Keke:
Ai ranar aka fara Alhaji. Irin wanda su Girmay ke hawa ya haura Yuro 10,000 guda ɗaya, ka buga da canjin yau ka gani. Kuma doka ta hana ya gaza kilo 6.8 a nauyi, don da an bar kamfanoni da sun yi wanda iska za ta ɗauke. Amma su ba da kuɗinsu suke saya ba, kulob ke ba su.

Abu_Terminus:
Kun gani ko. Keken da ya fi motar gidanmu tsada. Na ce a riƙe rago.

Sadiq_Unijos:
Ni dai gyara zan yi, naga ana ta yaɗawa wai Girmay ne ɗan Afirka na farko da ya yi abin kirki a Tour de France. Chris Froome fa? A Nairobi aka haife shi, a Kenya ya koyi keke, ya ci gasar gaba ɗaya sau 4, 2013, 2015, 2016 da 2017. Ga Robbie Hunter na Afirka ta Kudu ya ci zango tun 2007, Daryl Impey ya sa rigar ɗorawa a 2013.

Kaca_da_Feda:
Sadiq ba wanda ya faɗi haka a nan, ka koma sama ka karanta. Kuma Froome da tutar Birtaniya ya ci duka huɗun. Abin da ake cewa Girmay shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a Tour, ranar 1 ga Yuli 2024 a Turin. In ma gaba da shi ake nema ai ɗan ƙasarsu ne Daniel Teklehaimanot, wanda ya sa rigar gwanin hawa mai ɗigo-ɗigon ja na 'yan kwanaki a 2015, shi da Merhawi Kudus suka je a ƙungiyar MTN-Qhubeka. Lokacin Girmay na ɗan 15 yana kallo a gida. Wannan shi ne abin da nake so mutane su gane, yaron ya tashi ya ga na gaba da shi sun je sun dawo ana yi musu tarba a titi.

Sadiq_Unijos:
Tuta dai takarda ce, ƙafar a Kenya aka yi ta

Dan_Gangare:
Sadiq in haka ne Saka ma namu ne sai a kawo mana ƙwallayensa mu ƙirga

Tsohon_Dan_Tsere:
Salam. Tun ɗazu nake karantawa ina murmushi, wani ne ya turo min ya ce ga zancenku ya taso. Ni na yi wannan harkar, na wakilci jiha a gasar wasanni ta ƙasa lokacin ina saurayi, ba zan kira sunan jihar ba. Baban Khalifa zan gaya maka tsakani da Allah. Tudu da sanyi ba su ne suka yi Girmay ba. Abin da Asmara ke da shi wanda ba mu da shi shi ne tsere, kusan kowane ƙarshen mako ana rufe titi a yi, akwai na yara akwai na matasa akwai na manya, akwai kulob-kulob masu ɗaukar yaro su ba shi keke, jama'a kuma su cika bakin hanya suna ihu. Italiyawa ne suka kai musu keke zamanin mulkin mallaka, tun 1946 aka fara zagayen Eritiriya, abin ya shiga jininsu. Yaron da ya yi tsere sau 30 a shekara da wanda ya yi sau 1 ba za su taɓa zama ɗaya ba ko da na biyun ya fi ƙarfi.

Don tsere ba ƙarfi kaɗai ba ne, wannan ne mutane ba su sani ba. Ƙaninka yana zuwa Mararaba shi kaɗai ya dawo, madalla, amma bai taɓa shiga tsakiyar mutum 80 ba, tayarsa ta gaba tazarar ɗan yatsa da ta bayan wani, kafaɗa na gogar kafaɗa, ana shan kwana ba mai taɓa birki. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, shi ya sa za ka ga ƙato mai ƙarfi ya ja gaba yini guda yana jin shi ne gwani, saura mita 200 wani siriri da ya sha inuwarsa tun safe ya fito ta gefe ya wuce shi. Sanin lokacin ci, lokacin shan ruwa, bayan wa za ka bi, yaushe za ka fizga, duk a cikin tsere ake koyonsu, ba a bidiyo ba.

Mu a lokacinmu sai gasa ta rage 'yan makonni a kira mu kam, a fito da kekuna daga sito duk ƙura, tayoyin sun bushe sun tsattsage, wani lokacin mu biyu ke karɓa-karɓa da keke ɗaya a atisaye. A je a yi, a dawo a karɓe kekunan a kulle, alawus ɗin ma sai ka bi shi har ka gaji ka bari. Waɗanda suka ci riba a cikinmu su ne waɗanda lambar da suka ciyo ta sa aka ɗauke su aikin ɗamara ko aka ba su ɗan gurbi a ma'aikatar wasanni suna koyarwa. Wannan shi ne cin abincin keke a ƙasar nan a yadda na san shi. Ni yanzu kayan gini nake sayarwa, amma har gobe Lahadi ina hawa.

Hajiya_Ummi_Abj:
Allah sarki Baba, wlh jikina ya yi sanyi. To amma wannan ƙaton filin tseren keken da ke cikin sitadiyom na nan Abuja fa, mai rufin nan? Kullum ina wuce shi, me ake yi da shi

Injiniya_Gwarinpa:
Hajiya an gina shi ne don gasar wasannin Afirka ta 2003. Ana amfani da shi jefi-jefi, an yi gasar Afirka ta tseren cikin fili a wurin a 2022. Amma na cikin fili daban yake da na titi, kekensa ba birki ba canjin giya, fedar ba ta tsayawa muddin taya na juyawa, ga bangon a karkace. Nan ma ai labarin Ese Ukpeseraye ya shigo, wadda ta fara wakiltar Najeriya a keke a Olamfik, Paris 2024. Tseren titi ta je yi, sai aka samu gurbi a na cikin fili a ƙurarren lokaci, babu keken da ya cika sharaɗi a hannu, tawagar Jamus ce ta ara mata. Ita da kanta ta rubuta ta gode musu.

Abu_Terminus:
Shi kenan an gama magana. Wadda ta fi kowa a ƙasar da aron keke ta yi Olamfik, shi ne za a sayar da ragon tsohuwa

Nanret_J:
Oga Abu kai kullum rabin labari kake ɗauka. Ita ɗin dai ta je Olamfik ko ba ta je ba? Daga ƙasar nan ta fito ba daga sama ba

Ustaz_Rikkos:
Ni abin da ya dame ni daban ne. Yaro ɗan 16 a ɗauke shi a kai Turai shi kaɗai, wa zai kula da sallarsa da tarbiyyarsa? Kuma na ga bidiyon shi wannan Girmay ɗin a kan dandamali da ƙatuwar kwalbar giya har murfin ya buge masa ido.

Kaca_da_Feda:
Ustaz wannan ya faru, a Giro 2022 ne ranar da ya doke Mathieu van der Poel, wanda tun kafin su tsallake layi ya ɗaga masa babban yatsa. Al'adarsu ce a ba wanda ya ci kwalba ya fesa, ya sunkuya zai buɗe murfin ya tashi ya same shi a idon hagu, daga dandamali sai asibiti, washegari bai fito ba gasar ta ƙare masa a ranar da ya fi kowace farin ciki. Amma kan maganar gida, shi mutum ne mai komawa gida sosai, da wuri ya yi aure. Da ya ci Gent-Wevelgem kowa na cewa ya tsaya ya yi Tour of Flanders, wani babban tseren Beljiyam, mako mai zuwa tunda yana kan ganiya, ya ce a'a ya yi watanni bai ga matarsa da 'yarsa ba, ya hau jirgi ya koma Asmara. Kuma Ustaz kar mu yi nisa, yaron nan ko Bauchi ba a kai shi ba tukuna balle Turai.

Dan_Gangare:
Ustaz kwantar da hankalinka in ya ci za mu ba shi kwalbar kunun aya ya fesa

Nas_Rifkatu:
Ku kuna ta kuɗi da suna ni hanya nake tunani. Ina aiki a sashen haɗari, abin da muke gani daga titunan nan ba na faɗa ba ne. Asuba da duhu, yaro a kan keke ba fitila ba riga mai ƙyalli, ga tifofin yashi ga 'yan Napep masu tsayawa ba sigina. Ko a Turai da ake rufe musu hanya ana mutuwa, Gino Mäder ya rasu a 2023 bayan ya faɗi a gangaren dutse a gasar Suwizalan yana ɗan 26. Girmay ɗin ma ya yi mummunar faɗuwa a 2023 a Flanders sai da ya kwana asibiti da buguwar kai. Baban Khalifa ko kun saya ko ba ku saya ba, gobe-goben nan a nemo masa hular kwano, tunda dai yanzu ma hawan yake. Kuma a dinga ba shi abinci sosai, yaro mai girma yana irin wannan tafiyar da shayi da biredi kawai zai rame ya daina gane karatu.

Baban_Khalifa:
Gaskiya ne Anti, hular ba shi da ita, hular sanyi yake sawa. Abinci kuwa kar ki damu, tuwon mutum 3 yake tashi da shi

Injiniya_Gwarinpa:
Maganar hanya ta tuna min da Ojo Maduekwe, ministan sufuri zamanin Obasanjo da ya dage sai 'yan Najeriya sun koma hawa keke, yana zuwa ofis a kai, har bas ta tura shi kwalbati a nan Abuja. Minista kenan fa.

Malam_Sabo_Mai_Keke:
Ai da yana raye da ya ga burinsa ya cika, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kekunan da suka shekara a rataye duk an sauko da su, har masu ɗamara da malaman makaranta ke kawo min gyara

Abu_Terminus:
Wani abin da ba ku faɗa ba, wasan nan duk 'yan ƙwaya ne. Lance Armstrong sau 7 ya ci aka ƙwace duka

Kaca_da_Feda:
An ƙwace a 2012, shi ma ya amsa da bakinsa a 2013, ba mai musu. Zamanin nan ya yi ƙazanta sosai. Yanzu ana ajiye bayanan jinin kowane ɗan tsere ana kwatantawa lokaci bayan lokaci, kuma dole kullum ka sanar da inda za ka kwana don masu gwaji na iya buga maka ƙofa da asuba. Ban ce an daina gaba ɗaya ba. Amma "duk" ɗin nan taka ta yi yawa Oga Abu.

Tsohon_Dan_Tsere:
Bari in ƙara ɗaya kan tambayar farko ta cin abinci, don naga an tafi wani wajen. Ko a Turai ɗin ba kowa ne Girmay ba. A Tour kowace ƙungiya mutum 8 take kawowa, ɗaya ko biyu ake yi wa aiki, sauran aikinsu su tare masa iska, su koma mota su ɗebo gorunan ruwa su cusa a riga su rarraba, in tayarsa ta fashe wani ya ba shi tasa ya tsaya a bakin hanya. Akwai wanda zai shekara 10 yana wannan bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma albashi yake ɗauka ya riƙe iyalinsa, sana'a ce sosai. Sai dai kwantiragin shekara 1 ne ko 2, ka karye a ƙafa ko mai ɗaukar nauyin kulob ya janye shi kenan, shi kansa Girmay kulob ɗinsa na farko a Faransa, Delko, matsalar kuɗi ta rusa shi a 2021, Allah ya taimake shi ƙungiyar Intermarché ta ɗauke shi. Kuma yawanci kafin 35 an gama da kai. Ga ɗan Afirka kuma akwai biza, takardar zama ta kwana 90 ba ta isar kakar wasa, yara da yawa masu ƙafa a nan suka maƙale.

Ni da ɗana ne ga abin da zan yi. Ba zan hana shi ba kuma ba zan bar shi ya saki makaranta ba. A nemo masu hawa cikin rukuni a garin nan, akwai su, ya dinga bin su ranar Asabar ya koyi zama a bayan taya. A je ma'aikatar wasanni a tambayi kocin keke yaushe ake zaɓen yara na gasar matasa ta ƙasa. In ya shiga cikin sa'o'insa ya ga inda yake, shi da kansa zai san gaskiya, ba sai kun yi faɗa ba.

Sadiq_Unijos:
Kuma ba sai Turai ba ai. Ga Tour du Faso a Burkina tun 1987 ake yi, ga na Ruwanda da ya zama babba har Kigali ta karɓi gasar duniya a 2025, karon farko a Afirka. Ruwanda fa ba ta fi mu kuɗi ba, tsayawa kawai suka yi a kan abin.

Nanret_J:
Wlh da za a rufe hanya daga Forest a hauro Hawan Kibo a ƙare a cikin Jos da an ga tsere. Wannan hawan ko tirela sai ta yi kuka

Nas_Rifkatu:
Nanret rufa mana asiri, kar yaron ya karanta wannan ya ce gobe can zai je

Baban_Khalifa:
Ai kin makara Anti, yana gefena tun ɗazu yana leƙen wayar, har ya ce in tambayi Baba Tsohon Ɗan Tsere ko zai yarda ya bi shi ran Lahadi. Na gode muku duka. Na kai wa tsohuwa maganar, ta ce ragon na layya ne ba mai taɓa shi, in yana so ya yi aikin hutu a shagon yayanmu ya tara rabi ita za ta cika rabi bayan ya gama WAEC. Shi kuma ya ce kafin nan ya tsufa wai Girmay a 18 ya riga ya tafi. Ni har yanzu ban san wanda zan goya wa baya ba.

Abu_Terminus:
Tsohuwa ta fi ku duka hankali

Kaca_da_Feda:
Shekara 2 a wannan shekarun ba wasa ba ne fa, yaron bai yi ƙarya ba. Ko aron keke a samo masa kafin nan

Tsohon_Dan_Tsere:
Ya zo, amma sai da hula, ba hula ba tafiya. Kuma ka gaya masa ba tsere za mu yi ba, in ya wuce ni sau ɗaya zan juyo gida. Baban Khalifa ka min magana ta inbox.

Malam_Sabo_Mai_Keke:
Kafin Lahadin ku biyo da keken nasa shago in duba birkin, na san irin waɗannan yaran da tafin takalmi suke tsayawa

Dan_Gangare:
To ni wa zai ara min keke in bi ku, amma daga Terminus zuwa mai shayin British zan tsaya